Ra'ayinmu: Karen Da Aka Ceto Daga Titi, A Nemi Shawarar Wanda Ya San Aiki

Kamar yadda aka sani, a ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da kafa gidajen da ake tara karnukan da iyayen gijinsu suka yasar, ko waɗanda aka tsinta suna gararamba a titi, a yi musu magani, a ciyar da su, sannan a nema musu wanda zai riƙe su. Ɗaya daga cikin tsofaffin irin waɗannan gidaje shi ne na Battersea da ke birnin Landan, wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta assasa a shekarar 1860, kuma har gobe yana aiki. A nan gida ma, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ba baƙon abu ba ne yaro ya ɗauko ɗan kwikwiyo daga bakin bola ya kawo gida, ko maigida ya karɓi ƙaton kare daga hannun wani baƙo da zai bar gari domin ya yi masa gadi.

Tausayin dabba abu ne mai kyau, babu mai musun wannan. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau shi ne irin shawarwarin da ake bai wa wanda ya ɗora wa kansa wannan nauyi. Da zarar kare ya shigo gida, maƙwabci da aboki da ɗan kallo kowa sai ya zama malamin karnuka, alhali kuwa shawarar ganganci a wannan fage tana iya jawo asarar rai, galibi ma ran ƙaramin yaro.

Da farko dai ya kamata a gane cewa karen da aka tsinta bai zo da takardar tarihinsa ba. Ba a san ko an saba jifansa ba, ba a san ko ya taɓa cizon mutum ba, ba a san ko an taɓa yi masa allurar rigakafi ba. Masana halayyar dabbobi sun tabbatar da cewa watanni uku na farko a rayuwar kare su ne lokacin da yake koyon sabo da mutane, saboda haka wanda ya wuce wannan lokaci cikin yunwa da duka yakan girma da tsoro, tsoro kuwa shi ne kan gaba wajen sa kare cizo. Wannan ne dalilin da ya sa gidaje irin na Battersea ba sa miƙa kare ga kowa sai likita ya duba lafiyarsa, ma'aikata sun lura da halinsa, sun kuma tambayi mai son ɗauka ko akwai yara a gidansa da irin wurin da zai ajiye dabbar. Idan har mutanen da suka shafe fiye da shekara 160 suna wannan aiki ba sa yanke hukunci a gani ɗaya, ina dalilin da wanda bai taɓa ganin karen ba zai ce a saki jiki da shi?

Akwai wata shawara da ta yi shekaru tana yawo a duniya, wai sai ka nuna wa kare kai ne shugaba, ka danne shi a ƙasa, ka dake shi idan ya yi gurnani. Asalin wannan magana binciken da wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Rudolf Schenkel, ya wallafa ne a 1947 a kan kyarketai, wato dangin kare na daji, da aka tsare wuri ɗaya a gidan namun daji. Wani masanin Amurka, David Mech, ya ƙara yaɗa ta a littafinsa na 1970. Amma bayan ya yi shekaru yana bin waɗannan dabbobi a dawa, shi da kansa ya fito a 1999 ya ce garken kyarkeci iyali ne na uwa da uba da 'ya'ya, ba fagen kokawar neman sarauta ba. A 2008 ƙungiyar likitocin dabbobi masu nazarin halayya ta Amurka ta gargaɗi jama'a da su daina horar da karnuka da wannan dabara. Ga shi dai mai littafin ya janye maganarsa fiye da shekara 25 da suka wuce, amma har yanzu ana jin ta a bakin masu ba da shawara kyauta.

Haɗarin da ke cikinta a fili yake. Gurnani gargaɗi ne, kare yana cewa a matsa masa. Idan aka yi ta dukansa har ya daina gurnani, tsoron yana nan a cikinsa, gargaɗin kawai aka kashe. Ranar da yaro zai kai hannu cikin kwanon abincinsa, sai dai a ji ihu. Duk wanda ya san aiki abin da zai gaya maka shi ne a ware wa sabon kare wurinsa, a ƙyale shi ya huta na wasu makonni, kada a matsa masa da wasa, kuma kada a taɓa barin ƙaramin yaro shi kaɗai tare da shi, komai sanyin da ya nuna.

Babbar matsalar da ta fi shafarmu ita ce ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda karnukan da ake zargi ke cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana iya ɓuya a jikin kare makonni ko watanni yana wasa yana kaɗa wutsiya, idon mutum ba ya iya ganinta. Ko ƙasashen da suka ci gaba sun ɗanɗana kuɗarsu. A shekarun 2015 da 2017 da 2019 an shigar da karnukan da aka ceto daga Masar zuwa Amurka, daga baya aka gano suna ɗauke da cutar. A 2021 aka sake samun wani daga Azarbaijan, kuma a wannan shekara hukumomin lafiya na Amurka suka dakatar da shigo da karnuka na ɗan lokaci daga ƙasashe fiye da 100. Waɗanda suka kai karnukan nan da kyakkyawar niyya suka yi, amma niyya ba ta maye gurbin allura.

Saboda haka idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, shawara ɗaya ce tak. A wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya gidan likita a ranar domin a fara allurar rigakafi, a kuma tsare karen kwana 10 ƙarƙashin kulawar ma'aikatan kiwo. Masu cewa a sa barkono ko toka ko gashin karen a kan ciwon, ko a jira a gani tukuna, su ji tsoron ɗaukar alhaki. Da zarar alamomin ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister da wannan rigakafi, don haka abin kunya ne a ce yau yaro ya mutu saboda an hana iyayensa zuwa likita da baki.

Ba muna cewa ilimi yana wurin masu farar riga kaɗai ba ne. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsohon mafarauci da ya kiwata karnuka shekara talatin, da makiyayin Azawak da karensa ke tsare masa garke, suna karanta kunnen kare da wutsiyarsa da tsayuwarsa fiye da yadda wani ke karanta jarida. Irin wannan ƙwarewa dukiya ce, kuma ya kamata matasa su je su zauna da masu ita. Sai dai a bambance tsakanin wanda karnuka da yawa suka bi ta hannunsa, masu sanyi da masu zafi, da wanda ya taɓa riƙe ɗaya ya yi sa'a. Shi na biyun abin da ya sani halin karensa ne kawai. Alamar gwani na gaskiya ita ce yakan yi tambaya kafin ya buɗe baki: shekarun karen nawa, daga ina ya fito, wa ke zaune a gidan? Kuma idan magana ta kai ga cuta ko cizo, ba ya jin kunyar cewa wannan ta fi ƙarfina, a tafi wurin likitan dabbobi.

Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna cewa aikin ba gagara-badau ba ne. A 2012 da 2013 an yi wa fiye da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin Njamena allura kyauta, cutar ta ja baya ƙwarai, sai dai daga bisani ta sake ɓulla ta hanyar karnukan da suka shigo daga wajen birni. Darasin a nan shi ne kare ɗaya da aka kawo ba tare da bincike ba yana iya rushe aikin gari guda.

Don haka muna kira ga magadan gari da ma'aikatar kiwo da su mayar da allurar karnuka aikin kowace shekara, ba sai ranar 28 ga Satumba da duniya ke tunawa da wannan ciwo ba. Muna kira ga hukumomin lafiya da su tabbatar ana samun allurar mutane a kusa kuma a farashin da talaka zai iya. Gidajen rediyo, musamman na karkara da jama'a suka amince da su, su riƙa gayyato likitan dabbobi tare da tsofaffin mafarauta a duk lokacin da za a amsa tambayoyin masu sauraro a kan wannan batu. Iyaye kuma su sa ido a kan abin da 'ya'yansu ke shigowa da shi gida, su kuma koya musu su faɗa da wuri idan kare ya taɓa su, ba tare da tsoron bulala ba.

Daga ƙarshe, ga duk wanda aka zo neman shawararsa a kan karen da bai sani ba, idan ba shi da tabbas ya nuna wa mai tambaya hanyar wanda ya sani. Yin haka ba ya rage wa mutum daraja, kuma wataƙila shi ne zai ceci ɗan maƙwabcinsa.