Kada Mu Ɗora Wa Tsohuwar Bindiga Abin Da Ya Fi Ƙarfinta

'Yan'uwa manoma, ga kaka ta matso. Masara ta yi goyo, gyaɗa ta soma ƙosawa, birai da aladun daji kuwa sun san wannan kamar yadda muka sani. A irin wannan lokaci ne akan sauko da bindigogin da suka shekara a rataye domin gadin gona. Muna so mu yi magana a kan wata al'ada da ke cin yatsu da idanun manoma, watau ɗura wa tsohuwar bindiga harsashi ko albarushin da ya fi ƙarfinta. Ra'ayinmu shi ne, kowace ƙungiya ta hana wannan a tsakanin 'ya'yanta, ta kuma rubuta hanin cikin dokokinta.

Abin da ke faruwa a cikin bindiga

Sa'ad da aka ja kunama, albarushi yakan ƙone ya zama iska mai zafi. Iskar nan tana tura harsashi gaba, amma da ƙarfi ɗaya take tura jikin bututun ta kowane gefe. Idan ƙarfen ya iya riƙe ta, harsashi ya fita ta baki. Idan bai iya ba, sai ta fita ta wurin da ya fi rauni, kusa da hannun hagu da fuskar mai harbi.

Albarushi kuwa iri biyu ne. Akwai baƙin albarushi mai hayaƙi wanda kakanninmu suka sani. Akwai kuma marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro a 1884, shi ne kuma ke cikin harsasan kanti na yau. Idan aka auna su da ma'auni ɗaya, matsin da marar hayaƙi yake bayarwa ya ninka na baƙin. Bindigar da aka ƙera domin na farko ba a ƙera ta domin na biyu ba.

Darasi daga masu ƙera bindiga

Mu duba yadda masu ƙera makamai da kansu suke tsoron wannan abu. A Amurka akwai harsashin libarba da ake kira .38 Special, wanda ya fito a 1898 da baƙin albarushi a cikinsa. Iyakar matsin da aka yarda masa yau shi ne nauyin laba 17,000 a kan kowane inci murabba'i. Akwai kuma wani mai girma ɗaya da shi, mai matsin laba 20,000. Bambancin bai kai kashi 20 cikin 100 ba, duk da haka tun shekarun 1970 ake buga masa alamar +P a gindin kwanso, domin mai tsohuwar libarba ya gani ya kauce. Da aka fito da .357 Magnum a 1935, wanda matsinsa ya kai laba 35,000, da gangan aka ƙara wa kwansonsa tsawo kaɗan don kada ya shiga libarbar .38.

A Ingila kuwa, tun 1813 majalisar ƙasar ta kafa gidan gwajin bindigogi a Bamingam. Akan ɗura wa bindiga abin da ya fi na kullum ƙarfi, a harba ta ba kowa a kusa, in ta tsira a buga mata hatimi. Wadda aka gwada da albarushi marar hayaƙi takan ɗauki haruffa NP ko BNP a ƙarƙashin bututu.

Libarba ba kayan manomi ba ce. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa ta cikin makaman da aka hana. Amma darasin namu ne. Idan masu injuna da ma'aunai suna jin tsoron ƙarin kashi 20, yaya mu da muke aune da tafin hannu?

Hanyoyi uku da muke jawo wa kanmu

Ta farko ita ce ta adaka. Wani yakan yanka harsashin kanti, ya juye albarushinsa cikin adaka domin ta ƙara duka. Ga shi kuwa bututun adaka da yawa daga bututun ruwa aka yi su, mai ɗinkin walda a tsawonsa, ba wanda ya taɓa gwada shi. Ba wani awo na albarushi marar hayaƙi da ya dace da irin wannan bindiga, ko kaɗan ne. Haka nan ƙara awon baƙin albarushin, ko ɗura sabo a kan tsohon ɗuri da aka manta, duk hanyar ɗaya ce.

Ta biyu ita ce ta bindigar kanti, mai baki ɗaya ko biyu, wadda aka gada daga uba ko kaka. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila masu lamba 12 an yi musu gurbin harsashi mai tsawon inci 2½, watau milimita 65. Harsasan yau kuwa yawanci milimita 70 ne ko 76. Ga inda haɗarin yake: tsawon da aka rubuta a kwali, tsawon kwanso ne bayan ya buɗe baki. Kafin a harba shi ya fi haka gajarta, saboda haka dogon harsashi yakan shiga gajeren gurbi, bindiga ta rufu lafiya lau. Da an harba, bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa sosai, matsi ya hau. Shigar harsashi ba shaida ba ce cewa ya dace. Akwai kuma bindigogin da aka yi bututunsu da ƙarfen da aka murɗa kamar igiya, masu zane a jiki kamar ƙirar itace, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a Bamingam da Liyaj ta Beljiyam a ƙarni na 19. Tsatsa takan ci su ta ciki inda ido ba ya gani.

Ta uku ita ce toshewar bututu. Zanzaro yana son bakin bindigar da aka rataye, yakan gina ɗakinsa na laka a ciki. Wanda ya dogara bakin bindiga a ƙasa da damina, shi ma ya toshe ta. Harsashi mai lamba 20 kuma, in an sa shi cikin mai lamba 12 bisa kuskure, yakan zurma ya tsaya a ciki, a zo a ɗura wani a bayansa. Ko harsashin daidai ne, bututun da ya toshe fashewa yake yi.

Abin da masu musu suke cewa

Wani zai ce, “Na yi shekara goma ina yin haka, ba ta taɓa fashewa ba.” Mun yarda. Amma mu ɗauki waya mu lanƙwasa ta, mu miƙe ta, mu sāke. Ba ta karyewa a karo na farko ko na biyar, amma kowane karo yana rage mata ƙarfi. Haka ƙarfen bindiga yake. Shekara goman nan ba ta ƙara mata lafiya ba, ta matso da ranar fashewarta ne.

Wani kuma zai ce aladen daji ba ya faɗuwa da ƙaramin ɗuri, harsashin da ya dace kuma yana da wuyar samu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, gama ba wanda yake so ya ga wahalar damina ta ƙare a dare ɗaya. Sai dai mu yi lissafi. Buhunan da dabba ta ɓata, gona za ta sāke ba da su baɗi. Hannun da zai riƙe garma ba ya tsirowa. Idan maigida ya rasa shi, ga kuɗin asibiti, ga gonar da za ta kwanta, ga bashin taki da sauran 'yan ƙungiya za su ɗauka. Sau da yawa ma ɗan da aka aika gadi ne yake riƙe da bindigar.

Akan kuma ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma abin da mutum ya auna da hannunsa ya zuba, bayan an gargaɗe shi, ganganci ne.

Abin da muke roƙon kowace ƙungiya

1. A taron da ke zuwa, a rubuta doka cewa ba a zuba albarushin harsashin kanti cikin adaka, ba a kuma sa harsashin da tsawonsa ya wuce abin da aka buga a jikin bindiga. Inda ba a ga rubutun ba, a ajiye bindigar har wanda ya san aikin ya auna ta.

2. Kafin gadi ya soma, kowa ya duba bututunsa. Mai bindigar kanti ya buɗe ta, ya cire harsashi, ya leƙa ta baya ya ga haske. Mai adaka ya yi wa sandar ɗuri alama sa'ad da bindigar ba kome a ciki, domin kullum ya san ko akwai tsohon ɗuri.

3. Bindigar da ta kumbura, ko ta tsage, ko tana girgiɗi in an rufe ta, aikinta ya ƙare. Walda ba ta mayar da ita.

4. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana duban inda ba kowa har minti ɗaya ya wuce. Kada a leƙa.

5. Kada a ba yaro bindiga. A ajiye harsashi dabam da bindiga, inda yara ba sa kai hannu.

6. Kowa ya tsaya cikin doka. Bisa ga dokar 1959, bindigar kanti tana bukatar lasisi daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, adaka kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yana iya hana riƙe ta ba tare da lasisi ba.

7. A rage dogara ga bindiga. Idan maƙwabta suka yi shuka lokaci ɗaya, suka raba gadi bi da bi, da karnuka da gwangwanaye da wuta da dare, ɓarnar takan ragu, ba kuwa wanda ya zuba albarushi.

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan a gaban taro, a kuma fassara wa waɗanda ba su jin Hausa sosai. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kawo mu girbi da lafiya.