Zafin Bazara Da Kuɗin Lantarki A Dutsin-Ma Da Kurfi

 A wannan mako ina so mu duba wata magana wadda ba ta bar gidan kowa ba a nan Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su, watau zafin bazara da abin da mu ke kashewa wajen neman sanyi. Kukan wutar lantarki ya yi yawa, wani ya ce ba a kawowa, wani ya ce an kawo amma kuɗin ya fi ƙarfinsa. Kukan nan duk gaskiya ne. Amma abin da ni na lura da shi, babban rabo na kuɗin nan tun ranar da aka ɗora wa ɗaki rufi aka ci mu shi, kafin ma a ja waya a kafa mita.

Kowa ya sani daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan fari ya sauka, ma'aunin zafi a ƙasar Katsina ya kan kai 40, wani lokaci har ya ɗara. Kada a ɗauki wannan abin wasa. Ran 3 ga Afrilu 2024, cikin watan azumi, ma'aunin ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, aka yi ta kai mutane asibiti a Bamako, da yawa suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu tsofaffi. Lokacin nan kuma shi ne lokacin sanƙarau, cutar da ke son cunkoso da ɗaki marar iska. A da maganinmu mai sauƙi ne, in dare ya yi kowa ya ja tabarma tsakar gida, samari su kwanta ƙofar zaure. To, tun wajen 2019 da masifar 'yan bindiga ta tsananta a wannan yanki, magidanta da yawa suka koma kulle ƙofa da iyali a ciki. Saboda haka ɗakin da a da a ke gudunsa da dare, ya zama tilas a iya kwana cikinsa.

Yanzu bari mu yi lissafi, don lissafi ba ya son kai. Abin da mita ke ƙidayawa shi a ke kira yunit, yunit guda kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Fankar sama ta kan ci wajen wat 70. In ta yi awa 10 tana juyawa kowane dare, a wata ta ci yunit 21. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda yara ke kira esi, ƙarama daga cikinta ta kan ci wajen wat 1,000. In ta yi awa 8 kowane dare, a wata ta ci yunit 240. Watau esi guda ya fi fanka 10 ci.

Nawa ne yunit ɗin? Tun watan Nuwamba 2013 Gwamnati ta sayar da aikin rarraba wuta ga kamfanoni, rabonmu mu da Kano da Jigawa ya faɗa hannun KEDCO, hukumar NERC kuwa ita ke yanke farashi. An kasa masu shan wuta rukuni 5. Rukunin farko an yi musu alkawarin awa 20 a yini, na ƙarshe awa 4. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga yunit na rukunin farko daga wajen naira 68 zuwa naira 225, daga baya a shekarar ya tsaya kan naira 209 da sule biyar. A bisa wannan farashi, fanka ta ci wajen naira 4,400 a wata, esi kuwa ya haura naira 50,000. Ku tuna mafi ƙanƙantar albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne. In ƙaramin ma'aikaci ya ce sai ya kwana cikin esi, abin da ya rage masa bai kai naira 20,000 ba, ga hatsi, ga cefane, ga kuɗin makarantar yara.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai ni ba na rukunin farko, kuɗina da sauƙi. Haka ne, a shekarar nan sauran rukunai sun biya wajen sulusin wancan farashi. Amma wutarsu ba ta zama, sau da yawa kuma lokacin da aka fi bukatarta ta ke ɗaukewa. Ko rukunin farko ma ba su tsira ba a watan Oktoba 2024, sa'ad da manyan wayoyin da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi fiye da mako cikin duhu. Daga nan sai janareta. Wanda zai iya ɗaukar esi ya kan sha kusan lita guda a awa. Kafin a janye tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin Gwamnati, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. A wannan farashi dare ɗaya naira 8,000 ke nan. Ban da wannan, hayaƙinsa dafi ne marar wari, ya sha hallaka iyali dukansu cikin barci don an shigo da shi kusa da ɗaki saboda tsoron ɓarayi. Don Allah a kiyaye.

To, ta ina zafin ke shigowa? Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Kwano in rana ta buga shi ya kan yi zafin da ya wuce ma'auni 60, hannu ba ya iya daɗewa a kai. In babu silin, zafin nan kai tsaye ya ke sauko wa mai ɗaki kamar an kifa masa kasko. Bangon bulo kuma siriri ne, rana ta ratsa shi da yamma, ya yi ta amayar da zafi har tsakar dare. Fanka ba ta rage zafin ɗaki ko kaɗan, iska kawai ta ke kaɗawa don gumi ya bushe. Esi kuwa an yi shi ne ya riƙa hutawa in ɗaki ya yi sanyi, amma ƙarƙashin kwano tsirara ba ya samun hutu, mita ma ba ta samu. Mai sanyaya irin wannan ɗaki da mai ɗiban ruwa da kwando, aikinsu ɗaya.

Magabatanmu ba su da mita, amma sun san wannan. Sun yi bango mai kauri da tubali, suka jera azara ta giginya, suka zuba ƙasa bisa, suka shafe da makuba. Zafin rana sai ya ɗauki sa'o'i bai ratsa kaurin nan ba, shi ya sa in ka shiga tsohon soro da azahar ka kan ji kamar ka shiga gindin randa. Wanda ya je Katsina ya leƙa tsohuwar Kwalejin da aka buɗe a 1922, inda manyan malamanmu na farko suka yi karatu, ya ga irin ginin, ya kwatanta da ajin kwano da 'ya'yanmu ke zama ciki yau.

Ban ce kowa ya rushe gidansa ya koma soro ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, in an yi sakaci da indararo damina ta kayar da shi, giginya kuma ta yi wuya. Mutane ba su bar shi a banza ba. Abin da na ke cewa shi ne mu ɗauki hikimar mu sa ta cikin ginin yau, kuma ga hanyoyi.

Na farko, silin. Wanda ke da kuɗin esi ya fara sa silin, ya bar 'yar kafa can sama tsakaninsa da kwano don iska mai zafi ta fita. Wanda ba shi da hali ya ɗaura zana ko asabari ƙarƙashin kwanon, amma ya nisanta su da wayar wuta saboda gobara.

Na biyu, a shafe bayan kwano da farin fenti ko farar ƙasa, gama fari yana mayar da hasken rana, baƙi da tsatsa suna shanye shi. A birnin Ahmadabad na Indiya zafi ya kashe mutane fiye da 1,000 a 2010. Hukumar garin ta fito da shiri na musamman a 2013, a 2017 kuma ta shiga shafe rufin gidajen talakawa da fari, aka ga ɗakuna sun yi sauƙi. Abin da ya yi a can ba abin da zai hana shi yi a Kurfi.

Na uku, taga biyu masu duban juna, da ƙarfe da raga saboda ɓarawo da sauro. A rufe su da hantsi in iskar waje ta fi ta ciki zafi, a buɗe bayan magariba.

Na huɗu, inuwa. A dasa darbejiya, wadda mu ke kira bedi, yamma da ɗaki, nesa kaɗan da tushen gini. Kafin ta girma a yi rumfar zana ta tare bangon. Itacen nan baƙo ne, daga Indiya asalinsa, amma ya karɓi ƙasarmu, ba ya kuma aiko da takardar biya a ƙarshen wata.

Bayan waɗannan akwai ƙananan dabaru. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yawancin abin da ya ke ci zafi ya ke zama, sabon mai wat 9 yana ba da haske kamarsa. Ruwan sanyi ma ba lalle sai firji ba. Randa tana tsattsafo, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Da wannan hikima wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Wanda Allah ya hore wa kuma, ya sayi faifan sola da fanka mai caji, don ranar da ke ƙona mu ita ce za ta juya fankar, sai dai a riƙa goge ƙurar faifan. Mai mitar kati ya duba ta da dare, ya sake dubawa da safe, zai gane da kansa abin da ke cinye masa kuɗi.

Daga ƙarshe ina da roƙo. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 ɗakunan haya suka yi ta tashi, da yawansu kwano ne da taga guda. Ya ku masu gidaje, ku ji tausayin 'ya'yan mutane, kuɗin silin sau ɗaya a ke biyansa. Ya ku shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, in za a ba da kwangilar aji ko ɗakin shan magani, a rubuta silin da tagogi da itatuwa cikin sharaɗi. Malaman Jami'a da na Kwalejin Isa Kaita su gwada mana da ɗaki biyu, ɗaya a shafe rufinsa ɗaya a bar shi, su auna zafinsu, su aiko wa Edita abin da suka samu, jama'a su gani da lamba. Malaman makaranta kuwa su ba yara lissafin fanka da esi a allo, su kai wa iyayensu gida.

Neman a gyara wuta haƙƙinmu ne, kada mu fasa. Amma kafin a gyara, rufin ɗaki da tagarsa da itacen ƙofar gida a hannunmu su ke, lokacin aikinsu kuwa shi ne kaka da sanyi, sa'ad da hatsi ke rumbu, ba sai bazara ta kama ba. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan ya rubuto mu ji yadda ya ƙare.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kawo damina mai albarka, amin. Sai wani mako. Haza wasalam.