Sabbin Dokokin Abuja da Littafin Ma'ajin Ikkilisiya

Tun da sabbin dokokin haraji suka fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2026, tambayoyin da ake kawo wa fastoci bayan sujada sun canza. Ma'aji yana so ya san ko gwamnati za ta yanki wani abu daga baikon Lahadi. Zumuntar Mata sun ji a WhatsApp cewa duk kuɗin da ya faɗa asusun banki za a zare masa haraji, har wasu na shawarar a kwashe kuɗin adashi a mayar cikin akwati. Masu bishara a ƙauyuka kuma suna tsoron a taɓa ɗan abin da ake ba su a ƙarshen wata. Tsoron yana da dalili, domin a 'yan shekarun nan hukumomin Gwamnatin Tarayya sun yi ta fito da dokoki da ƙa'idoji kamar ruwan Agusta. Amma yawancin abin da ke yawo a wayoyinmu ya cakuɗa gaskiya da jita-jita, kuma ikkilisiyar da ta yanke shawara bisa jita-jita kuɗin masu bi take wasa da shi.

Kafin komai, mu koyi rarrabe abu uku da muke haɗawa da sunan "gwamnati ta ce". Akwai doka, wadda Majalisar Tarayya ta zartar, Shugaban Ƙasa ya sa mata hannu. Akwai ƙa'ida ko takardar umarni da wata hukuma ke fitarwa da ikon da doka ta ba ta. Sai kuma maganar da minista ya yi a wurin taro. Nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma tsawon ransu ba ɗaya ba ne. Manya a cikinmu za su tuna ƙa'idar da hukumar FRC ta fitar a 2016, wadda ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba shekara 20 a kan kujera. Saboda ita ne Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya shugabanci cocinsa a Nijeriya a farkon Janairu 2017. Bayan kwana biyu, ranar 9 ga watan, Shugaba Buhari ya sauke shugaban hukumar, Jim Obazee, aka kuma dakatar da ƙa'idar. Abin da ofis ɗaya ya rubuta, wani ofis na iya share shi kafin Lahadi ta zagayo. Doka kuwa tana nan har sai Majalisa ta gyara ta ko kotu ta soke ta.

Dokokin haraji suna cikin rukuni na farko. Guda huɗu ne, Shugaba Tinubu ya sa musu hannu ranar 26 ga Yuni 2025, kuma da su ne hukumar FIRS ta koma NRS. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne wannan: kuɗin shigar ƙungiyar addini ba a ɗora masa haraji ba, muddin bai fito daga ciniki ko kasuwanci ba. Baiko, zakka, baikon godiya, gudummawar ginin majami'a, duk suna nan yadda suke. Wannan sharaɗi na "muddin bai fito daga kasuwanci ba" ma tsoho ne, yana cikin dokar da ta gabata. Abin da ya sauya shi ne hukuma ta ƙara samun ido. Saboda haka ikkilisiyar da ta gina shaguna a jikin katanga tana karɓar haya, ko take da masaukin baƙi, ko injin ruwan leda, ko zauren da ake haya domin biki, ta sani cewa ribar waɗannan tana cikin abin da ma'aikacin haraji zai iya tambaya. Kuma idan an zuba kuɗin haya da baiko cikin asusu ɗaya, ba a rubuta wanne ne wanne ba, wa zai rarrabe su ranar da aka zo? Dattawa su raba asusun tun yanzu.

Albashi kuwa wani zance ne, kuma a nan ne wasu abokan aikinmu suka fi ɓata rai. Fasto da ke karɓar albashi ma'aikaci ne a idon doka, daidai da malamin firamare ko ma'aikaciyar jinya da ke zaune a bencin gaba. Ba mu ga hujjar da za ta sa mu ce a cire wa mawaƙiyar da ke aiki a asibiti haraji, a ƙyale mai wa'azi ba. Mu duba lissafin, domin ya fi tsoron sauƙi. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin ɗari, daga nan adadin yana hawa mataki-mataki har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wanda ke karɓar naira 100,000 a wata yana da miliyan 1.2 a shekara. A cire 800,000, saura 400,000, harajinsu naira 60,000 a shekara, wato 5,000 a wata. Idan yana zaman haya, doka ta yarda a rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar daga abin da za a lissafa, har iyakar naira 500,000. Mai biyan hayar 300,000 harajinsa zai sauko zuwa 51,000. Wanda yake zaune a gidan fasto kuma ya sani cewa gidan da wurin aiki ya ba ma'aikaci ana lissafa shi cikin amfanin da yake samu. Wannan haraji hukumar harajin jiha ake kai wa, kuma nauyin cirewa da kaiwa yana wuyan mai biyan albashin, wato ikkilisiya ko ofishin gunduma.

Mai bisharar da ake ba naira 40,000 a wata ba zai biya ko kwabo ba, domin 480,000 ba su kai iyakar ba. Sai dai kada mu yi saurin murna da wannan. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024. Gaskiya ne dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma idan mutumin da muka tura ƙauye da mata da 'ya'ya ya tsira daga haraji saboda abin da muke ba shi bai kai a kira shi albashi ba, to kunyar tana kanmu.

Batun cewa za a riƙa zare haraji daga duk kuɗin da ya shiga banki, babu shi a dokar. Haraji a kan abin da mutum ya samu ne, kuma kuɗin adashi ko kuɗin da ɗan'uwa ya aiko a kai mara lafiya asibiti ba riba ba ne. Lambar NIN ita ce lambar harajin mutum, lambar rajistar CAC kuma ita ce ta ƙungiya. Amma akwai haɗari na gaske a wani lungu da muka saba da shi. Bankuna suna kai wa hukuma rahoton asusun da miliyoyi masu yawa ke shiga da fita. A ikkilisiyoyi da yawa, kuɗin ginin majami'a ko na taron Zumunta yana kwana a asusun ma'aji na kansa, saboda buɗe asusun ƙungiya yana da wahala. Ranar da aka tambayi wannan bawan Allah inda ya sami miliyan goma sha, littafin baiko da rasiɗi ne kaɗai za su cece shi. Idan kuma Ubangiji ya kira shi ba zato, kuɗin yana cikin abin da magada za su iya cewa na mahaifinsu ne. Haka nan masu shirin sayen fili su tuna da dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022: mutum ba zai biya ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba, ƙungiya kuma sama da miliyan 10, sai ta banki. Zamanin ɗaukar kuɗin fili a cikin buhu ya wuce.

Dokar da ta fi tayar da hankalin ikkilisiya a shekarun nan ita ce CAMA, wadda Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020. Sashe na 839 ya ba hukumar CAC damar dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa manajan riƙo, idan ta ga alamar almundahana ko rashin iya tafiyar da dukiya. Sashe na 842 ya taɓa asusun da ya daɗe ba a motsa shi ba. Ƙungiyar CAN ta ƙi yarda, ta tafi kotu, kuma a Maris 2023 Mai Shari'a Inyang Ekwo na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya hana CAC dakatar da amintattun coci ko naɗa musu wasu. A watan da ya biyo baya, Mai Shari'a James Omotosho ya soke sashe na 839 da wasu sassan da ke biye da shi a wata ƙarar dabam, bisa cewa sun saɓa wa 'yancin addini da na kafa ƙungiya da Kundin Tsarin Mulki ya tanada.

Mun goyi bayan wannan ƙara, har yau muna goyon baya. Ma'aikacin gwamnati ba shi da hurumin zaɓa wa masu bi wanda zai riƙe amanar majami'arsu, musamman a Arewa inda ikkilisiyoyi da yawa ke shan wuya kafin su sami takardar mallakar fili. Amma kotu hannun gwamnati ta ɗaure. Ba ta ce dattawa su daina karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a ba. Waɗanda suka rubuta sashe na 839 sun sami masu tafa musu ne saboda 'yan ƙasa sun ga wuraren sujadar da suka zama kamfanin iyali. Manzo Bulus, sa'ad da ake tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su tafi tare, domin kada a sami abin zargi. Wanda ya duba 2 Korintiyawa sura 8 zai ga yadda ya tsara abin. Idan Bulus ya nemi shaidu, ba mu san fasto ko ma'ajin da ya fi ƙarfin mai binciken kuɗi ba.

Akwai ƙaramin aiki da ke jiran sakatarori a nan. A wasu takardun rajista, rabin amintattun da aka rubuta sun riga mu gidan gaskiya, ba a kuwa sauya sunayensu ba. Sauya amintacce yana bukatar ƙudurin babban taro, da sanarwa a jarida, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Ikkilisiyar da ke ƙarƙashin rajistar ɗarikarta kuma kada ta je ta yi wata rajistar ta kanta ba da sanin hedkwata ba. Irin wannan ne ke haifar da rigimar fili idan an sami saɓani bayan shekaru.

Ma'aikatar Ilimi ita ce misalin rukuni na uku, inda magana ke canzawa tare da mai kujera. A 2024 Minista Tahir Mamman ya ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da shi 16. A 2022 gwamnati ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwamba 2025 aka sanar da soke wannan tsari aka koma Turanci tun daga aji na farko. Dalilin da aka bayar shi ne yawan faɗuwa a jarrabawa. Mu dai ba mu gamsu ba. Tsarin 2022 bai taɓa samun isassun littattafai da malamai ba balle a ce an gwada shi ya gaza, kuma yaron ƙauye da bai taɓa jin Turanci a gida ba hadda zai yi ta yi ba tare da ganewa ba. Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne, karatun Hausa da na Tangale, Bura, Birom, Ngas da sauran harsunanmu ya ƙara komawa wuyan makarantar Lahadi da ajin yaƙi da jahilci. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, amma in ba mu koyar ba, jikokinmu za su riƙe shi a hannu su kasa karantawa.

Wani darasi yana cikin yadda dokokin harajin suka bi kafin su fito. Daftarin farko ya nemi a ƙara harajin VAT mataki-mataki daga kashi 7.5 har zuwa 15. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna a Oktoba 2024 suka ƙi tsarin rabon da aka kawo. Majalisa ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a Fabrairu 2025, ƙungiyoyi suka kai takardunsu, ciki har da 'yan'uwanmu Musulmi da suka tsaya a kan batun gado. A ƙarshe VAT ya tsaya a 7.5, aka sake tsarin rabon, aka gyara sashen da ya shafi dukiyar gado. Waɗanda suka karanta daftarin tun yana daftari su ne suka canza shi. A batun CAMA kuwa, hayaniyarmu ta fi ƙarfi bayan an riga an sa hannu, shi ya sa sai da aka kwashe shekara biyu da rabi kafin kotu ta yi magana.

Kowace gunduma tana da lauyoyi, akantoci da tsofaffin ma'aikatan haraji da ke zaune a benci ranar Lahadi, ba wanda ya taɓa neman shawararsu sai ranar tara kuɗin gini. A haɗa uku ko huɗu daga cikinsu, a ba su aikin bin sanarwar hukumomi da ta Majalisa, su riƙa kawo bayani da Hausa a taron gunduma. Aikinsu na farko ya zama kalandar da za a manna a ofishin kowane ma'aji: harajin da aka cire daga albashi ya isa hukumar jiha kafin 10 ga watan da ke biye, rahoton shekara na mai biyan albashi kafin 31 ga Janairu, na kowane mutum kuma kafin 31 ga Maris.