Amarya Ta Fito, Dangi Sun Narke

Akwai wata cuta da ta shiga sana'ar ɗaukar bidiyon biki, daga Maraɗi har Damagaram, kuma ba ta tsaya a kan iyaka ba, tunda kayan aikin da salon duk hanya ɗaya suke bi tsakaninmu da Katsina da Kano. Cutar ita ce son hoton da mutum ɗaya tak yake fitowa tangaran, duk wanda ke bayansa ko gefensa ya narke ya koma hazo. Masu abin suna kiransa “sinima”. Ni kuwa abin da nake gani shi ne an tara jama'a cike da layi, an karɓi kuɗin iyali, an miƙo musu bidiyon mutum biyu.

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, to ni ba zan ɓoye ba: da ku nake, matasa masu kyamara. Kuma ba kyamarar taku nake zargi ba. Idon da kuke ɗaura mata a gaba nake nufi, gilashin nan da 'yan Kano ke ce wa lens, namu na nan su ce objektif. Shi ne yake yanke hukuncin wa zai shiga tarihin gidan, wa za a bari a waje.

Da can ba haka ake yi ba. Wanda ya taɓa kallon tsohon kaset ɗin bikin iyayensa ya san hoton ba shi da wani kyau, launi ya koɗe, mai ɗauka yana ta zum gaba da baya kamar mai jan guga. Amma kowa yana ciki. Ga goggo tana rabon goro, ga kawu da ya zo daga ƙauye, ga yaran maƙwabta a kan katanga. Dalili kuwa shi ne kyamarorin kafaɗa na wancan zamani farantin da ke karɓar haske a cikinsu ƙarami ne, don haka kusan komai yana fitowa sarai, na kusa da na nesa. A 2008 kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II, kyamarar hoto mai babban faranti da ke ɗaukar bidiyo mai kyau, daga nan kowa ya samu damar narkar da baya irin yadda ake gani a finafinan Amurka. Abin da manyan daraktoci ke amfani da shi jefi-jefi, don wata manufa a cikin labari, shi ne yaranmu suka mayar tuwon kullum.

Bari mu yi lissafi, don kada a ce mai rediyo ya shiga abin da ba nasa ba. Ɗauki ido mai milimita 85, ka buɗe ƙofar haskensa har f/1.4, ka ɗaura a kyamara mai cikakken faranti, ka tsaya mita 2 daga amarya. Faɗin wurin da zai fito sarai, daga gaba zuwa baya, bai kai santimita 5 ba. Idonta zai fito, ɗan kunnenta ba zai fito ba. Ƙawarta da ke riƙe mata mayafi ta zama inuwa. Kakarta da ke zaune taku ɗaya a baya tana share hawaye ta zama wani dunƙulen launi. Yanzu canja zuwa milimita 35, ka rage ƙofar zuwa f/4, ka ja baya mita 3. Wurin da ke fitowa sarai ya kusa mita 2. Amarya ta fito, ƙawa ta fito, kaka ta fito. Wannan bambancin ba ƙaramin abu ba ne, domin tsohuwar nan ba lallai ba ne ta ga bikin jika na gaba, kuma ranar da aka rasa ta, bidiyon nan za a lalubo.

Abin da masu kwaikwayo suka kasa ganewa ke nan. Darussan da suke kallo a YouTube an yi su ne don bikin da ango da amarya su ne komai: su biyu a gaban taro, baƙi a jere kan kujeru, kowane mataki da lokacinsa a rubuce. Namu bikin na dangi ne. A wurin ɗaurin aure ma amarya ba ta nan, sau da yawa angon kansa yana can gefe cikin abokai. Masu magana su ne waliyyi da wakili da liman, sai shaidu. Zumunta a ƙafa take, shi ya sa wanda ya hau mota daga Tawa ko Agadas ya zo maka biki, zuwansa shi ne gudunmawarsa, kuma yana da haƙƙin a ga fuskarsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

To wane ido ya dace? Ni ra'ayina a bayyane yake: wanda zai rayu a kan kyamara daga safe har dare shi ne zum matsakaici mai tsayayyar ƙofa. A kan cikakken faranti, 24-70 mai f/2.8, ko 24-105 mai f/4. A kan ƙaramin faranti, 17-50 ko 18-50 ko 17-70, duk masu f/2.8. Ka dubi yadda ɗaurin aure yake. An zauna a ƙofar gida ko masallaci, wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, an ambaci sadaki, an shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Duk abin 'yan mintuna ne, kuma ba wanda zai ce wa liman ya maimaita saboda mai bidiyo yana canja gilashi. A cikin waɗannan mintuna kana buƙatar faɗin taron, da fuskar mai bayarwa, da hannun da ke miƙa sadaki, da tafukan da suka ɗaga sama. Mai zum yana murza yatsu biyu ya samu duka. Mai ido tsayayye, wanda ba ya matsowa ba ya ja baya, ƙafarsa ce zum ɗinsa, sai ka gan shi yana tsallake dattawa yana taka tabarma da takalmi.

Na ce tsayayyar ƙofa, kuma da dalili. Zum ɗin da ake haɗowa da kyamara a kwali, 18-55 ɗin nan, ƙofarsa tana tsukewa daga f/3.5 zuwa f/5.6 yayin da kake matso da hoto. Ma'ana, kana cikin ɗauka sai hoto ya yi duhu da kansa, haske ya ragu fiye da rabi. A hoton kati wannan ba matsala ba ce. A bidiyo kuwa kowa yana gani.

Sai maganar ɗaki, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Yawancin yaran da suka fara sana'ar nan kyamara mai ƙaramin faranti ce a hannunsu, kuma ido na farko da suke saya shi ne milimita 50 mai f/1.8, saboda arha da kuma narkar da baya. Ba su san cewa a kan ƙaramin farantin Canon sai an ninka lambar sau 1.6 ba, wato 50 ɗin nan tana aiki kamar 80. Ka shiga ɗakin amarya da ita, ka manna bayanka da bango, tazarar mita 3, faɗin abin da za ka kama bai kai mita ɗaya da rabi ba. Mutum biyu ke nan idan sun matsu. Alhali uwar amarya ta yi shekaru tana tara kayan ɗakin nan, 'yan jere sun wuni suna shiryawa, ana so a ga gado da labule da kabad a tare. Da milimita 17 a wuri ɗaya, faɗin ya kusa mita 4. Wanda ya je jere da 50 kaɗai, ya je ɗaukar ɗaki ta ramin makulli.

Na san amsar da za a ba ni, na kuma sha jin ta: dare fa? Kai amarya da dare ake yi, wuta tana iya ɗaukewa, f/1.4 tana shigar da haske ninki huɗu na f/2.8. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a zubar da tsayayyen ido ba. A ajiye guda ɗaya a jaka, milimita 35 mai f/1.8, ko 24 ga mai ƙaramin faranti, don lokacin da duhu ya yi duhu. Amma a lura, a cikin duhun ne kyamara ta fi rikicewa wajen kama fuska, ga motoci, ga guɗa, ga mata suna turereniya, amarya kuma fuskarta a lulluɓe, na'urar ba ta ma da idon da za ta bi. Ka buɗe ƙofa har ƙarshe a wannan hali, rabin abin da ka ɗauka bishi-bishi ne. Ƙaramar fitila mai batir a saman kyamara ta fi wannan caca amfani, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin gilashi ba.

Da rana kuma wata sabuwa. Bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa yana son saurin ƙiftawa na 1/50, wanda ya yi daidai da wutar lantarkinmu, shi ya sa fitilu ba sa rawa a hoto. To a ranar Sahel da tsakar azahar, 1/50 tana neman a tsuke ƙofa zuwa wajen f/22. Wanda ya nace sai f/1.4, dole ya sa wa idon baƙin tabarau mai rage haske mataki 8. Nawa ne cikin yaranmu ke da shi? Abin da suke yi shi ne su cilla saurin ƙiftawa sama, sai ka ga rawar 'yan mata tana tsinke-tsinke, kuɗin liƙi suna faɗowa kamar ana ƙirga su ɗaya-ɗaya. Sun samu hazon da suke so, sun kashe motsi.

Ƙura ma tana da nata hukuncin. A 'yan shekarun nan bukukuwan da ake rige-rigen yi kafin azumi suna faɗowa ne cikin hunturu. Duk lokacin da ka cire ido a fili, ka buɗe wa ƙura cikin kyamara, a kyamarorin zamani marasa madubi kuwa farantin a tsirara yake. Ɗigo ɗaya ya zauna a kai, zai bi kowane hoto har ƙarshen biki, musamman a sararin sama da farar shadda. Mai zum ɗaya ba ya buɗewa. Mai idanu huɗu a jaka yana buɗewa sau goma.

Kada masu faɗin ido su yi murna, su ma suna da nasu. Akwai wanda ke ɗaura milimita 16 a kan sandar daidaita kyamara, ya riƙa kewaya amarya kamar ungulu, yana kai gilashi dab da hancinta. Irin wannan ido idan ya matso yana kumbura hanci, yana miƙe fuskar na gefe. Bayan muni, akwai rashin ta ido. A wurin kamu ko sa lalle, namiji baƙo ya tsaya taku ɗaya daga matar mutane yana numfashi a kanta, wannan ba gwaninta ba ce. Nan ne dogon zum, 70-200, yake da amfani: ka tsaya can nesa, ka kamo murmushi da hawaye ba tare da an san kana nan ba, mutane su saki jiki. Sai dai mai f/2.8 nauyinsa ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, yana son ƙafa uku da mutum na biyu. Wanda yake aiki shi kaɗai, 24-105 ta ishe shi wannan tazarar, kuma tana da na'urar hana rawar hannu. (Da ma dai a samu mata su riƙa ɗaukar taron mata. Wannan maganar wata rana ce.)

Hujja ta ƙarshe da ake kafawa ita ce wai amare ne ke so, suna nuno abin da suka gani a Instagram da TikTok su ce irinsa za a yi musu. To a yi musu mana. A ware rabin sa'a bayan kwalliya, a ɗaura 85, a narkar da bango da labule, a haɗa musu minti ɗaya na sakawa a waya. Ba wanda ya hana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki salon minti ɗaya a shimfiɗa shi a kan kwana uku. Yarinya mai shekara 20 ta san abin da take so ta nuna wa ƙawaye a makon nan. Abin da za ta nema bayan shekara 20 kuwa, aikin mai kyamara ne ya tanadar mata shi ko ba ta tambaya ba. Ni a aikina, idan baƙo ya ce a sa masa kiɗa mai ƙarfi a ƙarƙashin muryarsa, ba na yarda, don na san mai saurare ba zai ji abin da ya ce ba.

Tsada kuwa ba na musunta. Sabuwar 24-70 mai f/2.8 ta Canon ta ninka kuɗin 50 mai f/1.8 fiye da sau goma. Amma Tamron da Sigma suna yin zum masu f/2.8 da ba su kai wannan kuɗin ba, na hannu kuma suna yawo a kasuwa. Kuma na ga masu kukan tsadar nan sun sayi jirgin ɗaukar hoto daga sama, don su nuna mana rufin kwano da kan mutane.

Ku kuma iyaye da anguna, kafin ku ba da kafin alƙalami, kada ku yarda da ɗan guntun talla da zai nuna muku a waya. Ku ce ya kawo cikakken bidiyon wani biki da ya ɗauka. Ku wuce wurin kwalliya, ku je wurin ɗaurin aure da wurin kai amarya, ku tsayar da hoton, ku ƙirga fuskoki nawa za a iya ganewa a sahu na biyu. Sannan ku tambaye shi wane ido zai ɗaura idan ya shiga ɗaki, ku kuma haɗa shi da wata 'yar gida da za ta riƙa nuna masa tsofaffin da ba a so a rasa.