Kowane Uba Ya San Abin Da Ɗansa Ke Yi A Ajin Kemistiri

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fito da ita a wannan takarda tamu, ko Allah Ya sa ta amfani wani.

A watan Agusta, ranar da a ke ba da sakamakon jarrabawar GCSE, wani ɗan'uwanmu mai sayar da yadi a kasuwar Whitechapel ya tare ni da takardar 'yarsa a hannu, ransa a ɓace. Yarinyar tun tana ƙarama ba ta da magana sai ta zama likita. Ta ci 5 da 5 a kimiyya, amma makarantar da ta nema ta ce sai mai 6 za ta karɓa ya karanta kemistiri, watau ilmin haɗa sinadarai. Ya ce mini, "Malam, ashe ba ta yi ƙoƙari ba ke nan?" Na duba takardar, na ce, "Alhaji, ta yi iyakar ƙoƙarinta. Jarrabawar da aka sa ta, ko ta cinye tambayoyin duka, ba a ba da abin da ya wuce 5." Sai ya yi shiru. An aiko masa da saƙo ta waya tun watanni kafin nan, amma da Turanci, cikin saƙonni barkatai, bai buɗe ba.

To, kada wannan ya sake faruwa da wani, bari mu bayyana yadda abin ya ke a Ingila. Yawanci a aji na 9, yaro yana da shekara 13 ko 14, a ke zaɓen darussan da zai yi jarrabawarsu a aji na 11. Kimiyya hanya biyu ce. Akwai ta haɗe, inda a ke gwama kemistiri da fiziks da ilmin halittu a ba da sakamako 2. Akwai ta rarrabe, inda kowanne ke da nasa, su zama 3. Ta haɗe ba ta hana yaro ci gaba, amma ta rarrabe ta fi zurfi. Sa'an nan tun daga 2018 sakamakon kimiyya lamba ne, daga 9 a sama zuwa 1 a ƙasa, takardar jarrabawa kuma mataki biyu ce. Matakin ƙasa iyakarsa 5. Matakin sama shi ke kai yaro har 9. Makarantu da yawa suna neman 6 ko fiye kafin su bar yaro ya ɗauki kemistiri a shekaru biyun da ke biye, yawancin makarantun likita kuwa suna neman kemistirin nan. Kun ga shawarar da aka yanke a aji, uba yana rumfa bai sani ba, ita ce ta kan rufe ƙofa ko ta buɗe ta.

Wani zai ce, "Ni ɗan kasuwa ne, me ya haɗa ni da kwalabe da hayaƙi?" Haba ɗan'uwa! Ai kemistiri a gidanmu ya kwana. Uwargida da ta jefa kanwa cikin wake don ya yi saurin nuna, kemistiri ta yi. Mai dafa sabulun salo da ruwan toka da mai, kemistiri ya yi. Marinan Ƙofar Mata a Kano, da ke haɗa baba da toka a karofi, su tsoma zane ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, ba su yi wani abu ba sai kemistiri. Malaman Musulmi na da, irin su Jabir ɗan Hayyan da Abubakar Ar-Razi, sun yi suna a wannan fanni tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Kuma ku dubi abin da ya faru a nan maƙwabtanmu. A Cable Street, tafiyar 'yan mintoci daga babban masallacinmu na Whitechapel Road, wani saurayi mai shekara 18, William Perkin, ya yi gwaji a gidansu cikin 1856. Nufinsa ya haɗa kwini, maganin zazzaɓin cizon sauro, bai samu ba, sai ya samu galura mai launin shunayya. Daga nan sana'ar rini ta duniya ta juya, har Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta a 1897. Masu sayar da shadda da atamfa, galurar da ke jikin hajarku jikar wannan gwaji ce. Abin lura a nan shi ne, uban Perkin magini ne, so ya ke ɗansa ya bi layin gini. Malamin yaron, Thomas Hall, shi ya shawo kan uban har ya yarda aka kai shi makarantar kemistiri yana da shekara 15. Bayan haka uban nan da kansa ya zuba dukiyarsa aka gina masana'antar galura a Greenford cikin 1857. Da malami da uba ba su yi magana ba, da labarin ya zama daban.

Ban ce laifin iyaye ne kaɗai ba. Malaman makaranta za su ce sun aika da wasiƙa, sun sa a intanet, sun kira taron iyaye. Gaskiya ne. Amma aika saƙo daban, isar saƙo daban. Mutumin da ya fita tun asuba, ya wuni tsaye cikin sanyi, Turancinsa na ciniki ne, ba za a tura masa shafi uku da kalmomin ofis a ce an sanar da shi ba. Ya kamata makaranta, in za ta sa yaro a matakin ƙasa, ta kira uba ko uwa ta faɗa musu baki da baki, da tafinta in da bukata. Mu kuma iyaye mu daina cewa "ai malamai sun fi mu sani" mu naɗe hannu. Wanda ya ba da ajiyar haja ya kan leƙa ya ga halin da ta ke ciki, balle ɗa.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiyarmu, abu uku.

Na farko, sau ɗaya kowane zangon karatu, bayan sallar Juma'a ko ranar Lahadi, a tara iyaye maza da mata, a sa 'ya'yanmu da suka riga suka wuce wannan mataki su bayyana da Hausa abin da a ke ciki. Muna da su, wasu suna jami'ar Queen Mary a Mile End, wasu suna aiki a asibitoci.

Na biyu, duk wasiƙa mai muhimmanci da ta fito daga makaranta, a samu mai fassara ta cikin saƙon murya na minti biyu, a tura ta WhatsApp. Gwaggo da ba ta karatun boko ma za ta ji.

Na uku, kada wani ya je taron iyaye shi kaɗai in yana jin nauyin Turanci. A haɗa shi da mai rakiya, ya riƙe tambaya huɗu. Ɗana yana kimiyyar haɗe ne ko ta rarrabe? Wane mataki za a sa shi? In na ƙasa ne, me zai yi a ɗaga shi, kuma zuwa yaushe? Ya yi gwaje-gwajen da aka wajabta duka? Wannan ta ƙarshe kada a raina ta, gama aƙalla kashi 15 cikin 100 na makin jarrabawa a kan aikin gwaji ya ke, yaron da aka tafi da shi gida Kano ko Kumasi ana cikin karatu ya kan rasa su.

A gida kuma, ko ba ka san komai ba, ka ce, "Ɗana, me aka koya muku yau?" Ka bari ya koya maka. Watakila shi zai gaya maka cewa haɗa bilic da ruwan wanke bayan gida mai asid yana fid da iskar kulorin mai sarƙe numfashi, ka ga ilminsa ya tsare gidan tun bai ci jarrabawa ba.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, matambayi kuwa ba ya ɓata. 'Yar Alhaji dai ta shiga wata kwaleji ta wata hanya mai tsawo, muna yi mata addu'a. Amma ƙannenta suna tafe, 'ya'yanmu suna tafe. Wanda ɗansa ke aji na 9 ko na 10 ko na 11, kada ya bari makon nan ya fita bai tambaya ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani, amin. Haza wasalam.