FILIN MANOMA: BABA ZAI KOMO GONA KUWA?

Jama'a, a makon nan za mu ajiye zancen taki da feshi, mu ɗauko zancen baba, tsiron nan da ake shuni da shi. Dalili kuwa, masana a Amurka da Turai sun taso wa rinin shuɗi da wata sabuwar dabara, ya kamata manomin auduga na Tsiga da Bakori da Funtuwa da Malumfashi ya san abin da ke cikinta, don auduga da rini Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ba sai an gaya wa dattawa ba, a da ƙasar Hausa da rini aka san ta. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa tun 1498 yake, yana nan ana aiki. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya sauka Kano cikin 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan cinikin birnin, ana kai baƙin zane har Tumbutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa Buzaye ba su da rawanin da ya fi shi. Wa ke ciyad da wannan ciniki duka? Manomi. Shi ke noma audugar, shi ke noma baban.

To, me ya kashe kasuwar baba? Wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, shi ya gano yadda za a haɗa shuni ba da ganye ba. Cikin 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayad da shi. A shekaran nan ana samun wajen tan 19,000 na shunin ganye a duniya, galibi daga Indiya. Kafin 1914 ya komo wajen tan 1,000. Mu ma guguwar ta iso mu sannu a hankali. Yau marini ya fi son garin shunin kanti da soda da haidiro, gama da su aikin kwanaki yana ƙarewa a yini guda.

Amma araha ba ta ado. Shunin kanti daga sinadaran man fetur ake yinsa, cikinsu har da masu guba. Sa'an nan shuni ba ya narkewa a ruwa, sai an karya shi da haidiro da soda mai cin hannu. In an gama rini, ina ruwan zai tafi? Kwata, daga kwata sai rafi, daga rafi sai fadama. Mutanen Kano sun san yadda ruwan majemu da masaƙu na Sharaɗa da Bompai ya yi wa kogin Challawa da Jakara, ga shi kuwa da ruwan nan ake ban ruwan latas da kabeji. Ruwan soda in ya daɗe yana kwanciya a gona sai ƙasa ta daskare ta yi kanwa, iri ya ƙi tsira.

Yanzu bari mu zo kan sabuwar dabarar. Akwai abin da ake kira enzayim, watau wani sinadari da mai rai ke yi a jikinsa don ya gaggauta wani aiki. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun daɗe da saninsa. Uwargida in za ta dama kunun zaƙi takan zuba tsiro ko ɗanyen dankali, sai kunu ya tsinke ya yi zaƙi ba da sukari ba. Aikin enzayim ke nan. Haka ganyen baba. Ku duba shi, kore ne, ba shuɗi a jikinsa. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi, indikan, wanda sukari ya ɗaure. In an daka ganyen ko an jiƙa shi, sai enzayim ɗinsa ya kwance sukarin, iska ta buga, shuɗi ya fito. A cikin marina kuma, ƙananan halittun da ido ba ya gani, tare da ruwan toka da katsi, su ke narkad da shunin har ya shiga zare. Shi ya sa zane ke fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya yi shuɗi. Ashe aikin da haidiro ke yi da guba, marinan kakanninmu suna yinsa da abu mai rai.

Cikin 2018 John Dueber da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ɗauko gadon wani enzayim daga tsiron shuni na Japan, suka dasa wa ƙwayar bakteriya, ta shiga yin indikan a cikin tanki. Sai a jiƙa zare da shi, a sa wani enzayim ya kwance sukarin, shuɗi ya fito a jikin zaren, ba haidiro. Cikin 2024 kuma masana a Danmak, ƙarƙashin Ditte Welner, suka gyara ƙirar enzayim ɗin don ya jure aiki kada ya lalace da wuri. Bisa lissafinsu, ɓarnar da rinin wandon jins ke yi wa ƙasa da ruwa za ta ragu da wajen kashi 92 cikin 100.

Abin murna ne, amma a nan ne nake so manomi ya buɗe ido. Dabaran nan ba ta bukatar ganyenka. Wanda ya ji labari ya share gonar masararsa ya zuba baba, yana jiran Bature ya zo da sikeli, zai kwana da yunwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga abin da ya sami manoman Indiya. Har wa yau, ba yau aka fara ba. Tun 1983 aka sa bakteriya ta yi shuni, kamfanin Genencor kuma ya gwada yinsa da sukarin masara, tsada ta hana shi ture na kanti. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

To, ina ribarmu? A ganina uku ce. Ta fari, duniya ta fara gudun rinin guba, akwai masu biyan kuɗi mai kyau a kan zanen da aka rina da ganye tsantsa. Fatake su daina cuɗa na baba da na kanti su sayar da suna ɗaya. Ranar da mai saye ya gane, an rasa shi har abada. Ta biyu, baba dangin wake ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, akan kuma yanke shi ya sake toho. Kunya biyu ko uku a gefen gona ba za su rage maka damin hatsi ba, ga shi ka ajiye iri. Amma kada ka ƙara a kan haka sai ka yi magana da marinin da zai saya. Ta uku, ƙwayoyin nan na tanki sukari suke ci, sukarin kuwa daga masara da rogo da rake ake samunsa. In sana'ar ta kafu, ƙasar Funtuwa ba ta rasa abin kai mata ba.

Sauran magana ga manyanmu. Samaru ta yi mana ƙoƙari wajen irin auduga, muna roƙo ta waiwayi baba, ta tattara irinsa daga ƙauyuka kafin ya ɓace. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello su zauna da tsofaffin marina, su rubuta yadda ake haɗa marina, su binciki halittun da ke cikinta, don da tsohuwar zuma ake magani. Masaƙar Funtuwa da aka kafa cikin 1978 ta nuna ana iya juya audugarmu a gida. In za a ƙara mata rini, a ƙara wanda ba zai kashe mana fadama ba. Masu rinin zamani a cikin gari kuma su haƙa ramin zuba ruwansu nesa da rijiya da rafi, su sa safar hannu.

Kowa ke da irin baba a rumbu ko a bayan gida, ya nuna wa malamin gona na yankinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Malamin Gona, Tsiga.