Tikitin Da Aka Saya Da Kuɗi, Daga Tukunyarka Za A Biya Shi

Tun da muka fara cewa a bar 'yan jam'iyya su zaɓi 'yan takararsu da hannunsu, sunayen da aka raɗa mana sun fi a ƙirga. Wasu sun ce 'yan zagon ƙasa ne mu, wasu sun ce kwangila aka ba mu daga waje, wani ma cewa ya yi zafin rashin muƙami ne ke cin mu. To mun ji, mun gode. Amma har yau ban ga wanda ya amsa tambayarmu ba: jam'iyyar nan ta wace ce? Ta masu kati da ke shan rana a layi ranar zaɓe, ko ta mutum biyar da ke kulle ƙofa a ɗakin otal su fito da takarda su ce an yi maslaha?

Mu fara da kuɗin fom, don a nan ake fara yi wa talaka shinge. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10. PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40, na gwamna miliyan 21. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ku yi lissafin da kanku. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko da bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi kusan shekara 28 yana tarawa kafin ya sayi fom ɗin majalisar wakilai na miliyan 10. Fom kawai fa, ba a zo maganar fasta da mota ba.

A 2018 an sa hannu a dokar da ta rage shekarun takara, aka ce ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Matasa suka yi ta murna. Ashe an buɗe ƙofa ne an ɗauke tsani. Ɗan shekara 25 da zai iya zube miliyoyi a kan takarda, jama'a, ɗan waye? Ko dai ɗan gidan masu abin ne, ko yaron da wani ubangida ya saya wa fom don ya riƙe masa wuya.

Bayan fom sai kasuwar daliget. A zaɓen fidda gwani na PDP a Abuja, a watan Mayun 2022, Atiku Abubakar ya samu tikiti da ƙuri'a 371. A na APC a watan Yuni, Bola Tinubu ya samu da 1,271. Ba mutanen nake zargi ba, tsarin nake nuna muku. Ƙasar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 93, amma 'yan ɗaruruwa da 'yan dubbai ne suka yanke waɗanda za a ajiye mata a gaba. Idan masu zaɓe ba su da yawa, sayensu ba wuya. Kowa ya ji yadda labarin dala ya cika gari a makonnin nan. Daga baya kuma aka dawo ana mamakin wai me ya sa mutum kusan miliyan 25 kawai suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Wanda ba a yi shawara da shi wajen girki ba, ina dalilin da zai yi rububin zuwa cin tuwo?

Ga inda abin ya shigo gidanka da gidana. Mutumin da ya sayar da filinsa, ya ci bashi, ya karɓi kuɗin 'yan kwangila don ya sayi tikiti, wallahi ba sadaka ya yi ba. Jari ya zuba. Ranar da aka rantsar da shi, da littafin bashi zai shiga ofis, kuma sunanka ba ya ciki. Da me zai biya? Da kuɗin maganin asibitin ƙauyenku. Da kwanon rufin ajin da 'yarka ke zaune a ƙasa. Da takin da aka ce an raba, wanda a rediyo kawai ka ji shi. Taliya da sabulu da turmin atamfa da aka miƙa wa iyayenmu mata ranar zaɓe, kafin shekara huɗu sun biya kuɗinsu ninki ba adadi.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Magidanci ya san abin da hakan ya yi wa kuɗin cefane da kuɗin mota. A ɗaya gefen kuma, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Wa zai tsaya a majalisar jiha ya tambayi inda ƙarin yake tafiya? Ɗan majalisar da gwamna ya rubuta sunansa da biro? Haba! Bakin da ya ci, ai shi ke godiya.

Suna ce mana ƙato bayan ƙato rigima yake kawowa, maslaha kuwa haɗin kai take kawowa. To mu leƙa Zamfara. A 2018 rikici tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana APC yin zaɓen fidda gwanin da doka ta yarda da shi. Jam'iyyar ta shiga babban zaɓe ta lashe kujeru. Ranar 24 ga Mayun 2019, saura kwana biyar a rantsar da gwamna, Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'unta duk sun tafi a banza. Kujerar gwamna, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai, 'yan majalisar jiha 24, duk suka suɓuce rana ɗaya, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Masu kati ne suka jawo wannan asara? Rigimar manya ce a kan wa zai rubuta sunaye. Duk jam'iyyar da ta raina zaɓen cikin gida, wannan ramin yana jiranta, tamu ma ba ta fi ƙarfinsa ba.

Ita kanta maslahar da suke fakewa da ita, Dokar Zaɓe ta 2022 ta gindaya mata sharaɗi a sashe na 84: sai duk 'yan takarar da aka tantance sun amince a rubuce cewa sun janye da son ransu. Kiran mutum da tsakar dare a ce masa oga ya ce ka haƙura, wannan sunansa ɗauki-ɗora, ko da wane irin rawani aka naɗa masa.

Suna kuma cewa mai kuɗi zai iya sayen layi kamar yadda yake sayen daliget, kuma mai riƙe da rajista zai iya cusa sunaye. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba layi kaɗai muke nema ba. Amma a faɗa mini, sayen mutum talatin a ɗaki ɗaya da sayen mutum dubu talatin a mazaɓu goma, a gaban idon maƙwabtansu, wanne ya fi wuya?

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a Arewa. NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ba da buhunan kuɗi ta tsaya ba, da teloli da 'yan koli da malaman zaure ta tsaya, waɗanda suka sha ɗauri da bulala saboda katinsu. A 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, alhali NPN ta fi ta masu hannu da shuni. Masu rataya hoton Malam a falo suna sayar da tikiti a ɗaki, ku ji kunya.

Abin da muke nema a fili yake. A liƙa rajistar 'yan jam'iyya a ofishin kowace mazaɓa tun da sauran lokaci, kowa ya je ya duba sunansa. A yi ƙato bayan ƙato, a ƙirga a wurin, a faɗi sakamako a wurin, wakilin kowane ɗan takara ya sa hannu. A rage kuɗin fom yadda malamin makaranta da ya yi ritaya zai iya saye ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Mu kuma mu riƙa biyan kuɗin kati, komai ƙanƙantarsa, don jam'iyyar da mutum ɗaya ke biya wa hayar ofis, tasa ce, mu 'yan rakiya ne.

Saboda haka 'yan uwa, kada a tsaya a sharhi a waya. Ka je ofishin mazaɓarku wannan makon ka sabunta katinka, ka tafi da matarka da ƙannenka da suka isa zaɓe. Ka tambayi shugaban mazaɓa ina rajista, yaushe taro. In ya ce sai an ji daga sama, ka ce masa kai ne saman. Ba za mu fita daga jam'iyyar nan ba, da guminmu aka gina ta. Wanda ke jiran mu gaji mu bar masa, ya nemi wurin zama.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya kuma ba mu zuciyar zaɓensu.